Yadda Ikilisiya Za Ta Bi Idan Rabuwa da Ɗarikarta Ta Zama Dole

A watan Disamba na 2006, manyan ikilisiyoyi biyu na Cocin Episkofal, ɗarikar Angilikan ta Amurka, a jihar Virginia, wato Truro da Falls Church, suka sanar da sakamakon ƙuri'ar da membobinsu suka kaɗa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari sun zaɓi su fita daga ɗarikar su koma ƙarƙashin CANA, reshen da Cocin Angilikan na Najeriya ya kafa a Arewacin Amurka a zamanin Akbishop Peter Akinola. Limamin Truro na lokacin, Martyn Minns, a Abuja aka keɓe shi bishop a watan Agusta na wannan shekarar, saboda haka labarin ya shafi Angilikan na Najeriya kai tsaye. Bayan fiye da shekara biyar ana kai-komo a kotu, jama'ar Falls Church suka miƙa makullan majami'ar da aka gina tun ƙarni na 18, wadda George Washington ya taɓa zama cikin dattawan da ke kula da yankinta, suka koma yin sujada a zaurukan makarantu har zuwa 2019 da suka shiga sabon gininsu.

Na rubuta wannan jagora ne domin dattawa, da kwamitin ikilisiya, da limamai, waɗanda watarana za su iya samun kansu cikin irin wannan hali, ko a ƙasashen waje inda 'yan'uwanmu da yawa suke sujada, ko a gida. Ba na ƙarfafa kowa ya raba ikilisiya, domin raunin da rabuwa ke bari yakan kai har ga jikoki. Amma idan gemun ɗan'uwa ya kama wuta, hankali shi ne a shafa wa nasa ruwa, kuma shari'o'in da aka yi a Amurka da Kanada sun bar mana isassun misalai na abin da ya kamata a yi da kuma lokacin da ya kamata a yi shi.

Ku fara tantance abin da ya raba ku

Rikicin Amurka yana da tarihi sananne. A taron Lambeth na 1998, bishop-bishop na Angilikan daga ko'ina a duniya suka amince da ƙuduri mai lamba 1.10, wanda ya tabbatar da aure tsakanin namiji da mace, ya kuma ƙi ba da shawarar sa wa zaman jinsi ɗaya albarka. A 2002 dayosis na New Westminster a Kanada ya amince da irin wannan albarka, sannan a 2003 Cocin Episkofal ya keɓe Gene Robinson, wanda ke zaune da abokin zama namiji, ya zama bishop na New Hampshire. Waɗanda suka fita sun ce tushen maganar shi ne ikon Littafi Mai Tsarki a kan ikilisiya. Waɗanda suka zauna sun ce su ma Littafin suke karantawa, kuma limamin da ya yi alkawarin biyayya ga bishop ɗinsa ba shi da hurumin ɗauke ikilisiya ya kai ta wani wuri.

Abu na farko da kwamiti zai yi shi ne ya rubuta dalilinsa a shafi ɗaya, cikin harshen da tsohuwar da ke zama a bencin baya za ta gane. Sannan ya gwada dalilin da tambaya guda: idan aka sauya bishop gobe, matsalar za ta kau? Idan za ta kau, to rigimar ta mutum ce, ko ta kuɗi, ko ta canjin wurin aiki da aka yi wa limami, ko ta ƙabilanci da aka lulluɓe da ayoyi, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa a raba jama'ar Allah a kansa. Idan kuwa matsalar tana cikin ƙudurorin babban taron ɗarika da littafin addu'arta, sai a bi hanyoyin cikin gida tukuna: a rubuta wa bishop, a kai magana taron dayosis, a roƙi wani bishop na cikin ɗarikar ya riƙa kula da ikilisiyar. A ajiye kwafin kowace wasiƙa. Ikilisiyoyin Virginia sun keɓe kwana arba'in na nazari da addu'a kafin su kaɗa ƙuri'a, kuma ina ganin wannan shi ne mafi ƙarancin lokacin da ya dace.

Ku karanta takardunku kafin kowa ya hau bagade ya yi magana

A nan ne mafi yawan ikilisiyoyi suka yi tuntuɓe, domin sun ɗauka cewa tunda kakanninsu ne suka sayi fili, iyayensu suka ɗora gini, su kuma suke biyan kuɗin gyaran rufi daga baikonsu, to majami'ar tasu ce. Alƙali ba ya tambayar wanda koyarwarsa ta fi daidai, kuma tsarin mulkin Amurka ma ya hana shi shiga wannan. Abin da yake dubawa shi ne rubuce-rubucen da aka yi tun kafin a fara faɗa.

Tun 1871 Kotun Ƙolin Amurka ta ce a ɗarikar da ke da shugabanci mai hawa-hawa, kotu za ta iya bin hukuncin hukuma mafi girma ta ɗarikar. A 1979, a shari'ar Jones da Wolf wadda ta taso daga wata ikilisiyar Presbiteriyan a jihar Georgia, kotun ta ba jihohi damar bin wata hanya ta biyu, wato a duba takardar mallakar fili, da takardar rajistar ikilisiya, da dokar jiha, da kundin ɗarika, kamar yadda za a duba rigimar kowace ƙungiya. A cikin hukuncin kuma ta nuna cewa ɗarika za ta iya gyara kundinta ta rubuta cewa dukiyar ikilisiyoyi amana ce da ake riƙe mata. Cocin Episkofal bai yi jinkiri ba: a babban taronsa na wannan shekarar a Denver ya kafa dokar da ake kira Dokar Dennis, wadda ta ce duk wata kadara da ikilisiya ke da ita, tana riƙe da ita ne a madadin dayosis da ɗarika. Shekara kusan talatin wannan doka tana kwance a littafi, membobi da yawa ba su ma san da ita ba, sai ranar da rabuwa ta zo.

Abin lura shi ne yadda doka ɗaya ta haifar da sakamako mabambanta daga jiha zuwa jiha. Kotunan ƙoli na New York, Kalifoniya, Georgia da Connecticut sun karɓe ta, ikilisiyoyin da suka fita suka rasa gine-ginensu. A Carolina ta Kudu kuwa, a 2009, kotun ƙolin jihar ta bar wa ikilisiyar All Saints ta Pawleys Island kadararta, bisa hujjar cewa wanda ba shi da mallakar abu ba zai iya ɗora amana a kansa don amfanin kansa ba. A Texas, dayosis na Fort Worth ƙarƙashin Bishop Jack Iker ya fita gaba ɗayansa a 2008, kuma a watan Mayu na 2020 kotun ƙolin jihar ta ba shi gaskiya, saboda a dokar Texas ana iya janye amana muddin ba a rubuta ƙarara cewa ba ta janyuwa ba. Dayosis na San Joaquin a Kalifoniya, wanda ya riga shi fita a ƙarshen 2007, ya sha kaye.

Misalin da ya fi koyar da darasi shi ne abin da ya biyo bayan fitar dayosis na Carolina ta Kudu a 2012 ƙarƙashin Bishop Mark Lawrence. Bayan shekara goma ana shari'a, a 2022 kotun ƙolin jihar ta ɗauki ikilisiyoyi 29 ɗaya bayan ɗaya, tana duba ko kowace ta taɓa rubuta a kundinta cewa ta amince da dokar amanar. Wasu suka tsira da gininsu, wasu suka rasa, alhali koyarwarsu ɗaya, bishop ɗinsu ɗaya, ranar fitarsu ɗaya. Bambancin jimla ce da wani sakataren kwamiti ya rubuta shekaru da yawa baya, wataƙila ba tare da ya san nauyinta ba.

Saboda haka ku tattara waɗannan takardu a wuri guda: takardar mallakar kowane fili, har da na gidan limami, makaranta da makabarta, takardar rajistar ikilisiya da duk gyaran da aka taɓa yi mata, kundin dayosis da na ɗarika, littattafan bayanan zaman kwamiti tun daga farko, takardar da aka sa wa hannu ranar keɓe majami'a, wasiyyoyi da takardun kyauta da masu bayarwa suka ɗora wa sharaɗi, da takardun bashin banki, domin idan dayosis ya taɓa tsaya muku ko kuka taɓa neman izininsa kafin ku jinginar da fili, za a kawo wannan a matsayin shaidar cewa kun yarda da ikonsa. Sannan ku kai su wurin lauyan da ya san dokar filaye da ta amana a wurin da ginin yake, wanda ba memban ikilisiyar ba ne, domin memba yakan faɗa muku abin da zuciyarku ke son ji.

A Najeriya tambayar tana nan, sai dai kayan aikin ne suka bambanta. Ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, abin da za a fara dubawa shi ne sunan da ke kan takardar shaidar mallaka, kuma ɗariku galibi suna riƙe kadara ne ta hannun amintattun da aka yi wa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Idan sunan amintattun dayosis ne a kan takardar, yawan waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba zai sauya wannan ba. Ga kuma majami'un karkara da dagaci ko wani dattijo ya ba da filinsu da baki, a gaban shaidun da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Irin waɗannan ya kamata a rubuta matsayinsu tun ana zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wa zai zama bishop ɗinku?

Ikilisiyar Angilikan ba ta tsayuwa ita kaɗai. Tana bukatar bishop da zai tabbatar da waɗanda aka yi wa baftisma, ya keɓe limamai, ya ba su izinin aiki, ya kuma tsawata musu idan sun kauce. Kada a kaɗa ƙuri'a sai an sami rubutacciyar amincewa daga wanda zai karɓe ku. Ikilisiyoyin Amurka sun sami inuwa daga Najeriya, Ruwanda, Yuganda, Kenya da lardin kudancin Latin Amurka, kafin taron GAFCON, ƙungiyar Angilikan masu riƙe da koyarwar gargajiya, wanda aka yi a Urushalima a 2008, ya share fagen kafa Cocin Angilikan na Arewacin Amurka, ACNA, a 2009, inda Robert Duncan ya zama akbishop na farko. Ya kamata jama'a su san cewa Canterbury, cibiyar tarayyar Angilikan ta duniya da ke Ingila, ba ta lissafa ACNA cikin lardunanta, ko da yake Najeriya da wasu manyan lardunan Afirka suna tarayya da ita. A Arewa mun ga ɓangarorin biyu da idonmu, domin Josiah Idowu-Fearon, wanda ya yi bishop na Kaduna, ya riƙe muƙamin babban sakataren tarayyar Angilikan ta duniya daga 2015 zuwa 2022, shi kuma Benjamin Kwashi na Jos ya riƙe na GAFCON daga 2019 zuwa 2023.

Ku karanta kundin sabon gidan da irin idon da kuka karanta na tsohon. Me ya ce game da kadara? Me ya ce game da keɓe mata su zama limamai, batun da har yanzu dayosis-dayosis na ACNA suka sha bamban a kansa? Wace hanya ya tanadar idan aka kawo ƙarar bishop? Ƙungiyar AMiA, wato ikilisiyoyin Amurka da suka koma ƙarƙashin Cocin Angilikan na Ruwanda, wadda aka keɓe bishop-bishop ɗinta na farko a Singafo a 2000, ta ɓata da Ruwanda a ƙarshen 2011, ikilisiyoyinta suka sake rarrabuwa. A 2019 ma an sami saɓani tsakanin Cocin Najeriya da ACNA kan zaɓen wasu bishop-bishop, har dayosis-dayosis na CANA suka zaɓi inda kowane zai tsaya.

Ranar ƙuri'a

A bi kundin ikilisiya harafi da harafi wajen ba da sanarwa, da adadin da ake bukata kafin taro ya zauna, da wanda ya cancanci kaɗa ƙuri'a. A tace rajistar membobi tun da wuri kuma a manna ta, don kada a ce an cusa baƙi ko an cire masu adawa. Ƙuri'ar ta zama ta asiri, a ƙirga ta a gaban wakilan ɓangarorin biyu, kuma a ba masu son zama cikin ɗarika dama su yi magana a gaban jama'a daidai da lokacin da aka ba masu son fita. Ya fi kyau a raba tambayar gida biyu, kamar yadda aka yi a Virginia: ta farko kan fita, ta biyu kan ko za a nemi riƙe ginin. Akwai mutanen da lamirinsu ya yarda da ta farko amma bai yarda da ta biyu ba, kuma haƙƙinsu ne a ji su. Ni dai ba zan ba da shawarar a motsa da rinjayen da bai kai kashi biyu cikin uku ba, ko da kundi ya yarda da ƙasa da haka.

Kada rinjaye ya ruɗe ku. Ikilisiyoyin Virginia sun dogara da wata dokar jiha ta 1867 da ta ba masu rinjaye damar riƙe kadara idan ɗarika ta rabu, kuma a 2008 alƙali Randy Bellows ya ba su gaskiya. A 2010 kotun ƙolin jihar ta ce dokar ba ta shafi wannan lamari ba, ta mayar da shari'ar baya, a watan Janairu na 2012 kuma alƙalin nan dai ya ba dayosis kadarorin ikilisiyoyi bakwai. Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar Falls Church a 2014.

Kuɗi, suna da limamai

Daga ranar da aka fita, a buɗe sabuwar ƙungiya mai rajista da sabon asusu, duk baiko da zakkar da za su shigo daga wannan rana su tafi can, tare da shaidar cewa masu bayarwa sun san inda kuɗinsu ya nufa. Tsohon asusu kuwa kada a kwashe shi, kada a ɓoye kayan bagade, kada a ɗauke rajistar baftisma, aure da jana'iza. A yi lissafinsu da hotuna a gaban shaidu, a kuma yi kwafi. A Virginia hukuncin bai tsaya kan gini ba, ya haɗa da kuɗin asusu da kayan cikin majami'a. Suna ma kadara ne: a 2019 wata kotun tarayya ta hana ɓangaren da ya fita a Carolina ta Kudu amfani da tsohon sunan dayosis da hatiminsa.

Limamai su ne suka fi kowa ɗaukar kasada. Cocin Episkofal ya tuɓe limamai masu yawa bisa dokar barin tarayyar ɗarika, shi kansa Duncan majalisar bishop-bishop ta tuɓe shi a watan Satumba na 2008. Kafin a nemi limami ya jagoranci fita, kwamiti ya san matsayin fanshonsa, da kuɗin asibitin iyalinsa, da inda zai kwana idan aka karɓe gidan limami. Haka nan malaman makaranta, mai gadi da mai shara, waɗanda albashinsu ke rataye da ginin da ake jayayya a kansa.

Ku nemi sulhu tun kafin a shigar da ƙara

Manzo Bulus ya tsawata wa Korintiyawa a sura ta 6 ta wasiƙarsa ta fari saboda kai juna ƙara, har ya nuna musu cewa gara su haƙura a cuce su. Ɓangarorin biyu a Amurka sun san wannan sura, duk da haka suka kashe miliyoyin daloli na baikon jama'a a kan lauyoyi. Akwai waɗanda suka bi wata hanya. A 2006 ikilisiyar Christ Church ta Plano a Texas, ɗaya daga cikin mafiya girma a ɗarikar, ta zauna da Bishop James Stanton na Dallas, ta biya dayosis dala miliyan 1.2, ta tafi da gininta ba tare da an je gaban alƙali ba. Bayan hukuncin 2012, jama'ar Truro suka cimma yarjejeniyar haya da Bishop Shannon Johnston, suka ci gaba da sujada a ginin da doka ta ce ba nasu ba ne. Dole a faɗi cewa ƙofar sulhu ba koyaushe take buɗe ba, domin a zamanin shugabancin Katharine Jefferts Schori, daga 2006, hedikwatar ɗarikar ta ƙi yarda a sayar wa ɓangarorin da suka koma ƙarƙashin bishop-bishop na waje. Wannan ma dalili ne na gaggauta neman zama da bishop tun zukata ba su ƙeƙashe ba, tare da mai shiga tsakani da kowa ya yarda da shi, da rubutacciyar yarjejeniyar cewa babu wanda zai je kotu ko ya sauya makulli muddin ana tattaunawa.

Kafin ku shiga wannan zama, kwamiti ya tambayi kansa ko zai fita idan ya tabbata ba zai tafi da ko kujera ɗaya ba. Ikilisiyar St John's Shaughnessy ta Vancouver, inda malamin tauhidi J. I. Packer yake sujada a lokacin, ta rasa gininta a kotunan Kanada, ta bar shi a 2011, ta ci gaba da taruwa a ginin aro. A Ingila kuwa, inda majami'un unguwa ke ɗaure da dokar ƙasa, waɗanda suka fita sukan tafi ne hannu rabbana tun daga farko. Saboda haka a nemi zauren da za a yi sujada, a san kuɗin hayarsa, a tanadi littattafan addu'a da na waƙoƙi, duk kafin ranar ƙuri'a.

A cikin takardar sulhu kada a manta da 'yan tsirarun da suka zaɓi zama, waɗanda sau da yawa tsofaffi ne da aka yi musu baftisma da aure a wannan majami'a. Idan ku kuka riƙe ginin, ku ba su lokacin sujada a cikinsa ko ku taimaka musu su sami wuri. Idan su suka riƙe, ku nemi a rubuta cewa za ku iya amfani da majami'ar don jana'iza, cewa kowane iyali zai iya ziyartar kaburburan danginsa ba tare da neman izini ba, cewa wanda ya riga ya tanadi wurin binnewa kusa da mijinta ko matarsa ba za a hana shi ba, kuma cewa duk wanda ya nemi shaidar baftismarsa ko ta aurensa daga tsohuwar rajista za a ba shi cikin kwanakin da aka ƙayyade.